Grand Canyon: mu tsaya a baki, ko mu gangara har kogi?

Tambayar ta zo mini nan Yamai daga wani ɗan Tawa da ke karatu a Amurka. Ya ce: "Malam, in an ba mu hutu ni da abokaina za mu je gandun Grand Canyon a jihar Arizona. Me ya haƙa wannan rami haka? Kuma za mu iya sauka har kogi mu fito a yini ɗaya? Ni dai zafi ba ya ba ni tsoro, na sha bazarar Adar."

Ƙanena, ta biyun ce mai gajeriyar amsa, bari in sallame ta tukuna: a'a. Kada ku sauka har kogi da niyyar fitowa a ranar. Amma kuma kada ku tsaya a baki ku ɗauki hoto ku juya, yadda akasarin mutum wajen miliyan 5 da ke zuwa a shekara suke yi. Ku kwana biyu a wurin, ku shiga ciki kaɗan da sassafe. Dalilin wannan shawara yana cikin tambayarka ta farko, shi ya sa zan daɗe a kanta. Duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa su ne sana'ata, kuma a tuddan Keita da Buza idona ya fara buɗewa kafin in ga na Arizona.

In ka bi kogin Kolorado, tsawon kwazazzabon kilomita 446 ne, ya ɗara Yamai zuwa Birnin Konni. Faɗinsa a wani wuri ya kai kilomita 29, zurfinsa kuwa ya haura mita 1,800 a inda ya fi nutsewa. An mai da shi gandun ƙasa a 1919, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1979. Waɗannan lambobi suna da sauƙin faɗa, amma ido ba ya iya auna su. A 1540 wasu sojojin Sipaniya ƙarƙashin García López de Cárdenas suka iso bakin ramin, ƴan ƙabilar Hopi na yi musu ja-gora. Da suka leƙa sai suka ɗauka kogin da ke ƙasa ƴar ƙorama ce. Mutum uku suka gwada sauka, suka yi wajen kashi ɗaya cikin uku na hanyar, suka dawo suna cewa duwatsun da daga sama ake gani kamar tsayin mutum sun fi hasumiyar birnin Sebil tsawo. Kuskuren idon da ya same su shi ne har yau yake samun baƙo.

Duwatsun sun girmi ramin nesa ba kusa ba. Teku ta sha shigowa wannan yanki tana janyewa. Duk zuwan da ta yi sai ta bar laka, ko rairayi, ko ɓawon halittun ruwa, wani bisa wani, nauyi ya danne su har suka zama dutse. Mai haƙar rijiya a Adar ya san wannan da hannunsa: ya fasa jar marmara, ya faɗa yumɓu, ya ci karo da farin dutse, kowane hawa da launinsa da taurinsa. To a Grand Canyon an buɗe maka gefen rijiyar ne gaba ɗaya, kana tsaye kana kallon hawa-hawan daga sama har ƙasa.

Daga baya, tun wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, ƙasar yankin ta shiga ɗagawa sama. Abin da ya bambanta ta da manyan tsaunuka shi ne ta ɗaga kusan a kwance, hawa-hawan ba su cukurkuɗe ba. Yau bakin kudu yana kan mita 2,100 bisa teku, na arewa ya haura 2,400. Ruwa kuwa ƙasa yake nema. Wajen shekara miliyan 5 zuwa 6 da suka wuce Kolorado ya sami mafita zuwa mashigin tekun Kalifoniya a Meksiko, daga nan ya kama yanka. A cikin kwazazzabon kaɗai yana gangara kimanin mita 600. Kuma ba ruwan tsurarsa ke cin dutse ba, kayan da ya ɗauko ne: rairayi, tsakuwa, da manyan duwatsun da ambaliya ke mirginawa suna nuƙe ƙasan kogin. Kafin a rufe madatsar Glen Canyon a 1963, ruwan ja ne mai kauri, irin wanda muke gani a Kogin Isa cikin Agusta idan Sirba ta kawo nata. Yanzu madatsar na tare lakar, sai ka hango shi kore, mai sanyin gaske, sai fa in an yi ruwan sama ƙoramun gefe sun rina shi.

Zurfi kawai kogin ya yi. Faɗin aikin wasu ne, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ruwan sama yana bin bango yana wanke abin da ya saki. A lokacin ɗari ruwa ya shiga tsaguwar dutse ya daskare, ƙanƙarar ta kumbura ta buɗa tsaguwar. Hawa mai laushi, na laka, yana zaizayewa da sauri, sai ya bar mai taurin da ke bisansa a rataye ba madogara, wata rana ya ɓalle ya faɗi. Shi ya sa bangon ya zama matakala: dutse mai tauri ya tsaya a miƙe, mai laushi ya kwanta gangare, sai wani mai taurin kuma. Ƙarancin ruwa shi ya ƙawata abin. Ruwan da bakin kudu ke samu a shekara wajen milimita 400 ne, bai yi nisa da na Tawa ba, can ƙasa kuwa kusan rabin haka. Da ƙasa ce mai damina mai yawa, da farin dutsen ya narke a hankali, gefunan sun dakushe, daji ya rufe komai ruf. A busasshiyar ƙasa ba ciyawar da za ta riƙe ƙasa, ruwan kuma in ya zo da fushi yake zuwa.

Kai da ka tashi a Adar ka riga ka san wannan gini. Marmarar da ke saman tuddanmu ita ce murfi mai tauri. Ƙarƙashinta akwai yumɓu da farin dutsen da wata teku ta bari lokacin da ta ratsa Sahara, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce. Shi ne dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma yaran da ke kiwo suna tsintar katantanwar teku a cikinsa. Tuddan nan uku masu shafaffen kai da ke hayin kogi a Yamai, waɗanda ake kira Trois Sœurs, ragowar tudu ɗaya ne da ruwa ya cinye gefensa. Irinsu za ka gani tsaitsaye a tsakiyar Grand Canyon, sai dai manya ƙwarai. Abin da ya hana namu zurfi a fili yake. Yamai wajen mita 200 take bisa teku, kuma Kogin Isa yana da sauran tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya isa can, ba shi da gangaren da zai ba shi ƙarfin yanka. Ƙoramar Majiya ta Adar kuwa sai da damina take gudu.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan. Zaizayar da ake biyan kuɗi a kalla a Arizona ita ce take cinye gonakinmu. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, yaƙi ne da wannan ƙarfi: jera duwatsu a kan fako, haƙa ramuka a jikin tudu don ruwa ya tsaya ya nutse, dasa itatuwa, kuma mata ne suka fi ɗaukar nauyin aikin. Duk da haka har yanzu ana koya wa yaranmu zaizayar ƙasa da hotunan wasu ƙasashe, alhali kwazazzabo na bayan ajinsu yana matsowa kowace damina. In ka je can ka dubi yadda ruwa ke cin ƙarƙashin dutse mai tauri, ka riƙe shi, zai yi maka amfani a gida.

Hawa-hawan nan su ne dalilin da ya sa nake cewa ku sauka ko da kaɗan ne. Wanda kake takawa a baki sunansa Kaibab, farin dutse ne mai shekara wajen miliyan 270. Ka durƙusa ka duba shi da kyau, za ka ga ɓawon halittun teku a manne cikinsa, a wurin da yau ya fi mita 2,000 bisa teku. Ƙasa kaɗan akwai wani farin bango da ake hangowa daga ko'ina kamar ɗamara, shi ne Coconino. Wannan ba teku ta aje shi ba, tuddan rairayi ne na wata tsohuwar hamada. In ka matsa kusa za ka ga layukan cikinsa ba a kwance suke ba, a karkace suke, wani rukuni ya yanke wani, daidai yadda iska ke zuba rairayi a bayan tudu a Tenere. Ka shafa da yatsa, ƙwayoyin ƙanana ne masu girma ɗaya, domin iska ta tace su. Har sawun ƙananan dabbobi ana samu a jikinsa.

Can ƙasa akwai Redwall, bango ja mai tsayin wajen mita 150 da shekara miliyan 340. Asalinsa toka-toka ne, tsatsar ƙarfe da ruwa ke wankowa daga jajayen hawan da ke sama ce ta shafe fuskarsa. Sai laka mai ɗan kore ta Bright Angel, wadda laushinta ya sa aka sami shimfiɗaɗɗen fili a tsakiyar ramin. Sai Tapeats, mai shekara fiye da miliyan 500. A ƙarƙashinsa kuma baƙin dutsen Vishnu ne, wanda zafi da matsi suka dafa a cikin ƙasa, shekararsa wajen biliyan 1.7. A wurare da yawa Tapeats yana zaune kai tsaye a kan Vishnu, wato tsakanin dutsen sama da na ƙasa akwai fiye da shekara biliyan 1 da ba su bar komai ba, zaizaya ta share su tun kafin a aza na sama. John Wesley Powell, mai hannu ɗaya da ya ratsa kwazazzabon da jiragen katako a 1869, yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan giɓi. In ka ce ta yaya aka san shekarun, da yuraniyom ne, irin wanda ake haƙa a Arlit. Yana rikiɗa ya zama darma da saurin da aka sani, sai a auna nawa ya rage nawa ya rikiɗe a cikin ƙananan ƙwayoyin dutsen.

Yanzu maganar zafi, kuma ina so ka saurare ni da kyau, domin irinka ne suka fi shiga hatsari. Ma'aikatan gandun suna ceto mutum sama da 250 a shekara, da yawansu samari ne masu ji da ƙarfi. A baki, cikin Yuli, zafin rana bai cika kai digiri 30 ba, iska na kaɗawa, sai ka ji kamar wasa. Amma duk mita 100 da ka sauka zafin na ƙaruwa da kusan digiri 1. A Phantom Ranch, can ƙasa kusa da kogi, digiri 41 abu ne na kullum a wannan wata, an kuma taɓa auna 49. Gaskiya ne ka san 45 a Tawa. Amma ka tuna yadda muke yi da ita: da hantsi ya ɗaga kowa ya nemi inuwa, tafiyar da za a yi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, randa na kusa. Ba wanda ke hawan mita 1,400 da tsakar ranar bazara. Ga shi kuma Tawa ba ta kai mita 400 bisa teku ba, huhunka bai saba da iskar mita 2,000 ba.

Abin da ya fi yaudara shi ne tsarin tafiyar. Mai hawan tsauni yana shan wahalarsa da farko, in ya gaji ya juyo ya gangara. A nan sauƙin ne a gaba. Kana sauka da safe cikin sanyi, ƙafa na tafiya da kanta, sai ka juyo ka tarar rana ta take, gwiwa ta mutu, ruwa ya yi rabi, ga bango a gabanka. Daga baki zuwa wurin kwana da ke kusa da kogi kilomita 11 ne ta hanyar South Kaibab, 15 ta Bright Angel. Ƙa'idar da ake bi ita ce hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. In ka ware awa 3, to bayan awa 1 ka juyo, ko da jikinka na ce maka ci gaba.

Ga yadda zan tsara muku. Ranar isowa ku tsaya a baki. Ku fara da Mather Point, ku taka zuwa Yavapai inda akwai ɗakin bayanin duwatsu, ku bi hanyar da ake kira Trail of Time, wadda kowace mita ɗaya a cikinta take matsayin shekara miliyan 1, an jera samfurin kowane dutse a gefe kana iya taɓawa. Da la'asar sakaliya ku hau motar gandun, kyauta ce, ku je Hopi Point. Da tsakar rana wurin a dushe yake, sai rana ta karkata inuwa ke fito da kowace matakala. Washegari bayan sallar asuba ku kama South Kaibab zuwa Cedar Ridge: kilomita 2.4, saukar wajen mita 340. A wannan ɗan taƙin za ku ratsa Kaibab, ku ratsa Coconino, ku tsaya a kan jar laka. Ku fito kafin ƙarfe 10. Wannan hanya ba ruwa ko ɗigo, inuwa ma kaɗan ce. In akwai mai rauni a cikinku ku zaɓi Bright Angel, tana da rumfar hutu a kilomita 2.4 da 4.8, da famfo a watannin zafi. Sai dai bututun yakan fashe, wani lokaci ma a rufe wani sashen hanyar don gyara, saboda haka ku tambaya a ofishin baƙi tun daren. Wanda ya ƙudurta sai ya taɓa ruwan Kolorado, ya nemi takardar izinin kwana a ƙasa tun da wuri, ya yi tafiyar a kwana biyu ko uku, ba a tsakiyar zafi ba.

Kowa ya ɗauki ruwansa, kada a dogara da gorar aboki. A zafi mai tafiya yana shan rabin lita zuwa lita ɗaya a awa. Iskar busasshiya ce, gumi na bushewa tun bai gangaro ba, sai dai ka ga farin gishiri ya zana taswira a bayan rigarka. Wannan gishirin dole a mayar da shi. Wanda ya yi ta ɗura ruwa cikinsa ba abinci, gishirin jininsa na iya raguwa har ya fara amai, kansa ya yi ciwo, hankalinsa ya gushe, kuma hakan na kisa kamar yadda ƙishirwa ke yi. Ku riƙe gujiya mai gishiri da dabino, kuna ci kuna sha. Malfa ko rawani sun fi ƙaramar hula amfani, kuma jiƙa riga yana sanyaya jiki ƙwarai. In kun haɗu da ayarin alfadarai, ku raɓe ta gefen bango, ba ta gefen rami ba, ku yi tsit har su wuce. Mai azumi kada ya sauka.

Daminarsu ta zo ɗaya da tamu, daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba, hadari na haɗuwa da yamma. A baki tsawa ce abin tsoro, in gari ya fara rugugi ku bar fili ku shiga mota ko gini. A cikin matsattsun kwazazzabai kuwa ambaliya ce, kuma wannan ba sai na koya wa ɗan Adar ba: ƙorama na iya cika ba tare da ɗigo ya sauka a kanka ba. A watan Agustan 1997, a Antelope Canyon kusa da garin Page, ruwan da aka yi a nesa ya biyo wata siririyar hanya ya kashe masu yawon buɗe ido 11, bakwai daga cikinsu Faransawa. In abokanka sun sa wannan wuri a cikin tafiyar, yana ƙasar Nabaho ne, ba a shiga sai da ja-gora, kuma in ja-gora ya ce a fita a fita.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba. A ɗari ana dusar ƙanƙara, saman hanyoyin na yin santsi. Bakin kudu a buɗe yake duk shekara, kilomita wajen 130 daga Flagstaff, 370 daga Phoenix, akwai kuma jirgin ƙasa daga Williams da ya fara zuwa tun 1901. Bakin arewa kana hango shi a kilomita 16, amma zagayen mota ya fi kilomita 300, kuma gobarar daji ta ƙone babban masaukinsa a Yulin 2025, ku bar shi sai wani karo. In kuna da mota ku bi hanyar gabas, wajen kilomita 40, zuwa Lipan Point da Desert View, nan ne aka fi ganin kogin sosai. Da zarar kun sauka ƙasa da baki rezo yakan ɗauke, don haka ku faɗa wa wani hanyar da kuka bi da lokacin fitowarku.

Wurin yana da masu shi, ba kango ba ne. Ƙabilu 11 ne ke da alaƙa da shi tun kaka da kakanni. Havasupai suna zaune har yanzu a ƙauyen Supai a cikin wani reshen kwazazzabon, inda alfadarai ke kai wasiƙu. Sun yi noma a wata fadama da ke kan hanyar Bright Angel har aka fitar da na ƙarshensu da ƙarfi a 1928, kuma sai a 2022 aka sa wa wurin sunansu, Havasupai Gardens. Ku shiga da ladabin baƙo. Doka ta hana ɗaukar ko tsakuwa ɗaya, ta hana rubutu a jikin dutse, ta hana ba dabbobi abinci, kuma kuregun bakin ramin suna cizon hannun da ya miƙa musu.

Gadar gilashin nan da kuke gani a intanet, Skywalk, ba ta cikin gandun. Ta ƙabilar Hualapai ce, an buɗe ta a 2007, tana can yamma, tafiyar wajen awa 4 a mota daga bakin kudu, kuɗin shigarta daban. Motocin yawon yini ɗaya da ke tashi daga Las Begas da yawansu can suke kai mutane. In ta nan za ku sayi tikiti, ku tabbata an rubuta South Rim, wato bakin kudu, a jikinsa, domin duk hanyoyin da na lissafa muku a can suke.